A Yaba wa Jirgin Abuja, Mai Kunyar Jama'a

Babban ciwon mutanenmu rashin godiya. A ba su rana su ce zafi, a ba su inuwa su ce sanyi. Ga jirgin ƙasa na cikin birnin Abuja, dogo mai tsawon kilomita 45, tasha 12, an kashe masa sama da dala miliyan 800, amma da ka ambace shi a majalisa sai wani ya taɓe baki ya ce, "To ina amfaninsa?" Sai ka ce don amfani kaɗai ake gina jirgi. Ni dai na ɗaura ɗamarar wanke wannan bawan Allah, domin a duk jiragen da na san labarinsu ban ga mai ladabi da sanin ya-kamata irinsa ba. Bai taɓa tare wa talaka hanya ba, bai taɓa tashinsa daga barci da ƙara ba, kuma ya yi iya bakin ƙoƙarinsa kada ya tsoma baki a harkar da ba ta shafe shi ba, wato kai mutane wurin aiki.

Dubi haƙurin da aka yi wajen gina shi. A 2007 aka ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar, lokacin Obasanjo na tattara komatsansa zai bar fada. 'Yar'aduwa ya zo ya tarar da ita, Jonathan ya gaje ta, sai ranar 12 ga Yuli, 2018 Buhari ya yanke ƙyalle. Shekara 11, shugaban ƙasa huɗu. In ka raba, kilomita huɗu ke nan a shekara, abin da mai ƙafa lafiya ke takawa cikin awa guda. Wannan ita ce natsuwa. An ce gaggawa aikin shaiɗan ce, kuma ba wanda zai iya rantsuwa cewa shaiɗan ya ko leƙa wannan aiki.

Mutanen Habasha kuwa, da yake ba su da mai tsawata musu, sun fara nasu bayanmu, suka gama kafin mu. A watan Satumban 2015 jirgin Addis Ababa ya fara ɗaukar fasinja: kilomita 34, tasha 39, dala miliyan 475, kuma da lantarki yake tafiya. Ba su tsaya nan ba, sai da suka ratsa da shi ta tsakiyar gari, ta Dandalin Meskel, ta gefen kasuwar Merkato, inda mutane suka fi yawa. Me ya biyo baya? Jama'a suka yi masa caa, safe da yamma, har taragai da dama suka gaji suka kwanta jiran kayan gyara. Abin da rashin tausayi ke jawowa ke nan. Namu jirgin, duk abin da za a ce ya same shi, ba za a ce nauyin fasinja ne ya karya shi ba.

Sirrin lafiyarsa kuwa yana wurin waɗanda suka zana masa hanya, Allah ya ƙara musu basira. Duk wanda ya kwana biyu a Abuja ya san inda ma'aikatanta ke kwana. Masinja da akawu, malamar asibiti da mai gadi, direban oga da mai share ofis, mafi yawansu daga gabas suke ɓullowa: Nyanya, Karu, Jikwoyi, sannan ka tsallaka cikin jihar Nasarawa, Mararraba, Ado, Masaka. Titi ɗaya ne tal ke kwaso su, wanda ya taso daga Keffi ya hau tudun Kugbo ya sauka shataletalen AYA. Ba sai an ɗauko ƙwararre daga Turai ya gano haka ba. Ka tsaya a gadar Nyanya da ƙarfe shida na safe, idonka zai ba ka rahoto. To, masu tsara jirgin sun ga wannan taro, sun ƙare masa kallo, sannan cikin ladabi suka juya masa ƙeya suka nufi yamma.

A yamman ma ba su yi sake ba. Hanyar filin jirgin sama tana da tata matsalar, domin Lugbe na bakin titi, kuma Lugbe cike take da mutane. Da wani maras dabara ne, da ya bi titin kai-tsaye ya faɗa hannunsu. Su kuwa sai suka zagaya ta baya. Daga babbar tashar da ke tsakiyar birni jirgin zai tsaya a filin wasa, wanda shi ma ba kullum yake ganin baƙi ba. Sai Kukwaba, wadda aka karrama da tasha har biyu. Sai Wupa, maƙwabciyar matatar ruwan ƙazanta. Sai Idu, sai Bassanjiwa, sai filin jirgi. Kasuwar Wuse ba ta gan shi ba. Garki ba ta gan shi ba. Tashar motar Jabi da ta Utako, inda matafiya ke sauka daga ko'ina a ƙasar nan, labarinsa kawai suke ji. Ka shimfiɗa dogo na kilomita 45 a babban birnin ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a Afirka, ka kuma kauce wa kusan kowace cibiyar taro, wannan ba aikin ƙaramin injiniya ba ne.

Ko da yake, a faɗi gaskiya, an share musu fage. A zamanin rusau na ministan Abuja na lokacin, Malam Nasir El-Rufa'i, Idu-Karmo na cikin unguwannin da katafila ta bi ta kansu, mazauna wurin suka watse zuwa bayan gari. Saboda haka ko da dogo ya iso yankin, an riga an rage masa 'yan sa-ido. A 2006 aka kori 'yan acaɓa daga tsakiyar birni. A 2013 aka hana ƙananan bas-bas ɗin nan da ake kira araba shiga. Aka ce manyan motocin gwamnati za su maye gurbinsu, su ma a hankali suka koyi halin manya, suka rage fitowa. Turawan Amurka da suka zana taswirar Abuja a 1979 sun bar filaye a tsakiyar unguwanni don motocin haya da jirgi su riƙa ratsawa, wai don mutum ya fito daga gida ya taka kaɗan ya hau. Ba su san mu ba. Birnin tarayya ai ba tashar kwana ba ce da za a bar kowane mai silifas ya shigo cikin sauƙi.

Wata hikimar da ba a yaba ba ita ce ta titunan shiga tasha. An gina tashoshi masu kyau, da rufi da benaye da tagogin sayar da tikiti, amma da yawansu ba a yi musu hanyar da mota za ta kai ka ba. Sai shekaru bayan buɗewar farko aka dawo aka shimfiɗa titunan. Masu gajen tunani sun kira wannan mantuwa. Ni tacewa na gani. Duk wanda ya keta ciyawa da kwazazzabo ya isa tasha, ya tabbatar da gaske yake son jirgi, ba ɗan gwaji ba ne.

Ranar buɗewar farko an yi shagali. Shugaban ƙasa ya shiga, ministoci suka shiga, aka tafi filin jirgin sama ana ɗaga wa kyamara hannu, aka sanar da duniya cewa irinsa na farko ke nan a Afirka ta Yamma. Da baƙi suka watse sai jirgin ya fara aiki da tarago uku, yana tsayawa a tasha uku: tsakiyar birni, Idu, filin jirgi. Sauran taran suna hutawa. A nan ma akwai lissafi mai zurfi. Wane ne ke zuwa filin jirgin sama? Mai kuɗin tikitin jirgin sama. Mai kuɗin tikitin jirgin sama kuwa yana da mota, ko direba, ko jerin gwano da jiniya. Wato an gina jirgin ne don mutanen da ba sa bukatarsa, su kuma, da yake 'yan halak ne, ba su ɗora masa nauyinsu ba. Kowa ya mutunta kowa.

Sai annobar korona ta zo a 2020, aka ce kowa ya zauna a gida, a ba da tazara. A nan ne jirgin Abuja ya nuna wa 'yan ƙasa yadda ake biyayya ga hukuma. Kasuwanni sun buɗe, bai fito ba. Masallatai da coci-coci sun koma cika, bai fito ba. Makarantu sun koma, jiragen sama sun tashi, ɗan'uwansa mai zuwa Rigasa a Kaduna ya ci gaba da jigila daga wannan tasha ta Idu, shi yana kwance. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta janye dokar ta-ɓaci kan cutar a 2023, shi dai bai yarda ba. Shekara huɗu cur yana ba da tazara. In akwai lambar yabo ta yaƙi da korona, ban san wanda ya fi shi cancanta ba.

Ba a ce ba wanda ya ziyarce shi a lokacin ba. Ɓarayin waya da ƙarfe sun riƙa kai masa gaisuwa, kuma su ba su taɓa ƙorafin rashin titi ba. Su ne rukunin farko na 'yan ƙasa da suka ci moriyar aikin kai-tsaye, ba tare da cike fom ba.

Albarkacin wannan hutu ne muka sami abin da ƙasashe da yawa ba su samu ba: buki biyu a kan jirgi ɗaya. Amarya ce aka kai ɗaki a 2018 da kiɗa da guɗa, ta yi shekara ɗaya da watanni tana leƙowa, ta shiga kulle na shekara huɗu, ɓeraye suka cinye kayan ɗaki, sannan dangi suka sake haɗa lefe, aka sake wanke ta, aka sake kai ta gidan mijin nan dai, a ranar 29 ga Mayu, 2024. Wannan karon Shugaba Tinubu ne uban biki, Mai Girma Ministan Abuja Nyesom Wike kuma shi ne mai masaukin baƙi. An sake kashe kuɗin gyara, an sake ɗinka rumfa, an sake yin jawabi. Gwamnati biyu kowace ta sami aikin da za ta nuna, ba tare da an wahalar da ƙasa da ƙarin dogo ko na taku ɗaya ba. Masana tattalin arziki su zo su koyi tsimi.

A wurin bukin ne aka kusa yin ɓarna. Minista ya ce a hau kyauta wata biyu, shugaban ƙasa ya ce a kai har ƙarshen shekara. Kyauta kuwa ko a bayan dutse take talaka zai gano ta. Ga kuma wani ɗan kuskure da masu zane suka yi tun farko: reshen da ya tashi daga Idu ya bi ta Gwagwa da Deidei da Kagini ya tsaya Gbazango ya matsa kusa da Kubwa, inda mutane suke da gaske. Nan da nan aka fara ganin ma'aikata da jakunkunansu a kan dandamali, abin da ya kusa zubar wa jirgin da mutunci. Allah ya sa akwai matakan kariya. Sawun da yake yi a yini kaɗan ne, in ka rasa na safe sai ka nemi wata dabara. Mutumin Kubwa kuma sai ya fara gangarawa Idu kafin ya juyo cikin gari. In ya sauka a babbar tasha, bai isa ofis ba, bai isa kasuwa ba. Sai ya sake tsayawa bakin titi yana ɗaga wa tasi hannu. Ta haka ba a raba shi da direbobin da ya saba da su ba, zumunci ya ɗore.

Mutanen gabas kuwa, waɗanda aka tsare daga wannan fitina gaba ɗaya, su ne suka fi kowa cin riba, sai dai ba su sani ba. Ma'aikacin da ke kwana a Masaka yakan tashi tun ƙarfe huɗu. Wane wa'azi ne ya taɓa tayar da mutane sallar asuba kamar titin Keffi? Yana fitowa zai yi kokawar shiga mota, ga motsa jiki kyauta. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba, ga haɗin kan ƙasa: Bagwari a cinyar Tibi, Tibi a kafaɗar Bahaushe, ba mai tambayar addinin wani. Sannan a hau tudun Kugbo a tsaya. Tafiyar da ba ta wuce minti 20 ba in titi a buɗe yake, sai ta ci awa biyu, lokacin da bawa zai yi tasbihi, ya tuna mutuwa, ya yafe wa waɗanda suka zalunce shi. Ga masu tallan ruwan leda da burodi da cajar waya suna bin motoci, dubban iyalai na ci daga wannan gosulo. A kawo jirgi Nyanya, wa zai ɗauki nauyinsu?

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, darasin ya ƙara armashi. Litar da ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, kuɗin mota ya tashi ya tarye shi a hanya. Ma'aikaci ya koyi lissafi, ya koyi azumin nafila, wani ma ya koyi kwana a ofis. Manyan ma'aikata masu mota su ma sun sami sana'a ta biyu, suna kwasar fasinja a hanya don su haɗa kuɗin mai. Da yake kuma ba a bambance motar haya da ta gida, sai 'yan wancans suka shigo kasuwar: ka shiga mota da magariba kana zaton fasinjoji ne, a karɓe wayarka, a kwashe kuɗin asusunka, a wurgo ka daga mota tana gudu. Akwai waɗanda ba su tashi daga inda aka wurgar da su ba. Nan kam alƙalamina ya so ya ƙi yabo, amma na lallashe shi, domin ko wannan ya ƙara wa mutanen Abuja tawakkali. Ba mai shiga mota yanzu bai karanta addu'ar tafiya ba.

Kada kuma wani ɗan Mararraba ya ce an ware shi. An ware shi a hawa, amma ba a ware shi a biya ba. Dala miliyan 500 daga cikin kuɗin aikin rance ne daga bankin Exim na ƙasar Sin, wanda aka sa wa hannu a 2012, da ruwa kashi 2.5 cikin ɗari, a biya cikin shekara 20, tare da sassaucin shekara bakwai kafin a fara taɓa uwar kuɗi. Ka lissafa da yatsu: sassaucin ya ƙare dab da lokacin da jirgin ya kwanta. Wato muna fara biya yana fara barci. Da dala aka ci bashin, da dala kuma ake biya. A shekarar da aka karɓo shi dala ba ta kai naira 160 ba. A 2024 ta wuce 1,500. Bashin ya yi ƙiba a naira ba tare da an ƙara ko kusa ɗaya a dogo ba. Daga baitulmalin tarayya ake biya, saboda haka mai sayar da ƙosai a Ado tana da hannun jari, manomin Gumel yana da shi, masuncin Yawuri yana da shi, ko da kuwa ba su taɓa ganin hoton jirgin ba. Ina wani aikin da ya game ƙasa haka?

Dole dai a yi adalci, Abuja ba ita kaɗai ke da baiwa ba. Legas ta riga kowa: jirgin cikin gari da Gwamna Lateef Jakande ya ƙulla, gwamnatin soja ta soke shi a 1985, aka kuma biya diyyar sokewa, wato an sayi rashin jirgi da kuɗi. Sai dai daga baya Legas ta lalace, tun 2023 jirginta na kwasar mutane tsakanin Marina da Mile 2 kamar abin arziki. Fatakwal ta kafa ginshiƙan jirgin sama-da-titi a zamanin Gwamna Rotimi Amaechi, suna nan tsaye suna ba da inuwa. Maƙwabtanmu na Nijar sun shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, Shugaba Mahamadou Issoufou ya buɗe shi a farkon 2016 ana gab da zaɓe, kuma tun daga nan ba a dame shi da jigila ba. Kano ce ta kusa ƙwace kambin, domin a 2016 gwamnatin Ganduje ta shelanta jirgin cikin gari na dala biliyan 1.85, wanda ya kai matuƙa a tsafta: bai taɓa latti ba, bai taɓa haɗari ba, ba a taɓa sace masa waya ba, 'yan adaidaita-sahu kuma ba su taɓa kuka da shi ba. Amma jirgin da ba a gina ba kowa ma zai iya hana shi aiki. Gwaninta ita ce ka gina, ka ci bashi, ka buɗe sau biyu, sannan har yanzu mai zuwa aiki ya kwana a titi.

Abin da ke hana ni barci yanzu shi ne sauran taswirar. Cikakken tsarin kashi shida ne, kusan kilomita 290, kuma abin da aka gina ɗan yanki ne kawai. A cikin ragowar akwai layin da aka zana zai bi ta Nyanya da Karu. Kowane lokaci wani minista mai zafin kai zai iya tasowa ya ce a fara shi, ya rushe mutuncin da aka yi shekaru ana tarawa. Ina roƙon hukuma, don girman Allah, kada a yi garaje. Akwai abin koyi a kusa: titin Apo zuwa Karshi, wanda aka ce zai rage wa hanyar Nyanya cunkoso, an ba da kwangilarsa a 2011, ya kuma haura shekara goma yana nuna dattako. A bi sawunsa. A kafa kwamiti ya duba ko mutanen Nyanya suna zuwa aiki da gaske. A tura kwamitin Sin da Turkiyya da Dubai ya ga yadda jirage ke tafiya, ya dawo ya miƙa rahoto ga wani kwamitin. In kuma matsin lamba ya yi yawa har ya zama dole a gina, to a nemo injiniyoyin farko tun suna raye. Akwai duwatsu a bayan Kugbo da ba kowa a cikinsu, za su ɗauki tasha biyu.